Tarihi hannu yake so, ba baki ba

To, masana, sannunku da ƙoƙari. Tun da ruwa ya yi wa ɗakin ƙungiyar tarihi ɓarna nake ta karanta fatawoyinku a intanet, kuma wallahi na ƙaru. Ashe muna da ƙwararru kan adana takardu da yawa haka a cikinmu ba mu sani ba? Wannan ya ce sakaci ne. Wancan ya ce a rushe shugabancin ƙungiyar. Wani kuwa, Allah ya ƙara masa basira, cewa ya yi tsofaffi marasa aikin yi ne suka tara shara, ruwa ya taya su sharewa. Shara! An gode, yallaɓai.

Tambaya ɗaya nake da ita. Da aka fitar da sanarwa cewa ana neman hannuwa a zo a fitar da kwalaye a shanya takardu, ina kuke? Kun ga sanarwar, domin a ƙarƙashinta kuka zazzage duk wannan ilimi naku. Waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, kuma mafi yawansu su ne dai tsofaffin nan marasa aikin yi, har da dattijuwar da sai da aka riƙe mata hannu ta hau matakala. Ku kuma kuna kwance kuna danna waya. Ihu bayan hari ke nan.

Takarda idan ta jiƙe, agogo ya fara bugawa. Cikin kwana 2 zuwa 3 fumfuna ke kama ta, musamman in da zafi da laima. Hoto ya fi ta saurin lalacewa: in aka bar hotuna jiƙaƙƙu a kife da juna har suka bushe, sun manne ke nan, ka ja fuskar mutum ta biyo bayan ɗayan. Dole a raba su ɗaya bayan ɗaya tun da danshinsu, a shimfiɗa su fuska sama, a inuwa, a sa fanka. Littafi kuma a tsayar da shi a buɗe, a riƙa cusa busasshiyar takarda tsakanin shafuka ana canzawa. Abin da ya fi ƙarfin hannun da ake da shi, a sa a firiza domin sanyi ya tsayar da fumfuna har a samu sarari. Wanne ne cikin waɗannan yake buƙatar digiri? Babu. Hannu yake buƙata, kuma a ranar, kafin kwana ukun nan su wuce. Ra'ayinka na mako mai zuwa ba ya busar da shafi ko ɗaya.

Na san abin da za ku ce, don kun riga kun faɗa: ai aikin gwamnati ne. Madalla. Ranar 2 ga Satumba 2018 gidan tarihi na ƙasar Birazil da ke Rio de Janeiro ya ƙone, da kaya kusan miliyan 20 a cikinsa, yawancinsu suka tafi a dare ɗaya. Na gwamnati ne. Ranar 3 ga Maris 2009 ma'adanar tarihin birnin Kolon a Jamus ta rufta saboda aikin hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake yi a gefenta, mutum 2 suka mutu. Jamus fa, ba wani wuri ba. Kuma su wa suka taru suka taya ma'aikata tsintar guntayen takardu daga cikin ɓaraguzai? Masu aikin sa-kai. A Nuwamba 1966 kogin Arno ya yi ambaliya ya cika birnin Florence na Italiya da laka, littattafai da takardu sama da miliyan ɗaya na babban ɗakin karatun ƙasa suka jiƙe. Matasa ne, ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, suka yi layi cikin taɓo suna miƙa wa juna littafi hannu da hannu. Har yau ana tunawa da su, ana kiransu mala'ikun laka. Ban taɓa jin an tuna da wanda ya zauna a gida ya ce laifin magajin gari ne ba, ko da kuwa gaskiya ya faɗa.

Amma labarin da ya fi dacewa da mai cewa shara shi ne na ƙasar Ailan. A ƙarshen Yunin 1922, farkon yaƙin basasarsu, ofishin adana takardun gwamnati da ke Dublin ya kama da wuta. Takardun shekara ɗari bakwai suka zama toka, har da yawancin takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851. Sai bayan shekara 100, a 2022, aka buɗe wata ma'adana a intanet da ke ƙoƙarin maido da abin da ya ƙone. Da me ake maidowa? Da kwafe-kwafen da suka warwatsu a wasu ma'adanai, da kuma abin da wasu mutane masu naci suka kwafa da hannunsu kafin gobarar: masu bin salsalar dangi, masu sha'awar tarihin yankinsu, mutanen da suke zuwa su wuni suna kwafar sunayen matattu a littafin rubutu. Na tabbata a zamaninsu ma akwai mai wucewa yana cewa ga marasa aikin yi can. Yau littattafan nan nasu suna cikin abin da ƙasa guda take jingina da shi ta san kakanninta.

Ko Timbuktu da kowa ke alfahari da ita, ku tuna yadda aka yi. Da 'yan bindiga suka kama garin a 2012, iyalan da suka gāji rubutattun littattafai kaka da kakanni, tare da Abdel Kader Haidara, wani mai adana irin waɗannan littattafai a garin, da matasan da ya tara, su ne suka riƙa cusa su a akwatunan ƙarfe ana fitar da su a ɓoye, wasu a mota wasu a kwale-kwale ta kogin Neja, har sama da dubu 300 suka isa Bamako. Wasu dubbai da suka rage a cibiyar Ahmed Baba, ma'adanar irin waɗannan littattafai a Timbuktu, an banka musu wuta a Janairun 2013. Abin da ya raba wanda ya tsira da wanda ya ƙone shi ne an samu wanda ya sunkuya ya ɗauki akwati.

Sai kuma 'yan zamani, masu cewa a yi sikanin komai a saka a intanet a huta. Wa zai yi? Kuna tsammani injin ne ke tashi da kansa ya buɗe kwali, ya cire fil ɗin da ya yi tsatsa ya ci gefen takarda, ya warware ninkin da ya shekara 60 ba tare da ya karya shi ba, ya ɗora, ya ba fayil suna? Kwali ɗaya kan cinye wa mutum wuni guda. Kuma ko an gama, kada wanda ya ruɗe ku cewa abin da ke cikin kwamfuta ya tsira. A 1986 BBC ta tara mutum sama da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, suka rubuta bayanin garuruwansu da ƙauyukansu a Birtaniya, aka zuba a faifan zamani na lokacin. Kafin a cika shekara 20 injinan da ke karanta faifan sun kusa ƙarewa, sai da masana jami'a suka yi aikin ceto. Kundin ƙidayar da aka yi abin don tunawa da shi, wanda aka rubuta a fata a 1086, yana nan a Landan ana karanta shi. A 2019 kuma dandalin sada zumunta na MySpace ya sanar cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora na fiye da shekara 10, kimanin miliyan 50, wajen sauya ma'ajiya. Ba na ƙin sikanin, ƙungiyar ma tana yi gwargwadon hannun da take da shi. Ina cewa ne shi ma hannu yake so. A Ostireliya, ɗakin karatun ƙasa ya saka tsofaffin jaridu a shafinsa na Trove, kwamfuta ta karanta su da kurakurai birjik, mutanen gari ne a gidajensu suka zauna suka gyara ɗaruruwan miliyoyin layuka kyauta. Ka ga ko daga kan gadon naka akwai abin da za ka iya yi ban da zagi.

Bari in ajiye gatse in faɗa muku abin da ya fi damuna. Takardun da suka jiƙe yawancinsu za su bushe, da tabo dai, amma za a karanta. Abin da ba ya jira shi ne mutane. A ɗakin nan akwai kwalaye cike da hotunan da ba a rubuta komai a bayansu ba. Ga mutane a tsaye sun sha ado, ga gini a bayansu wanda an rushe shi tuni, kuma babu suna, babu shekara. Waɗanda za su iya kallon hoton su ce wannan wane ne, wancan ƙanwarsa ce, ranar kaza ce aka ɗauka, 'yan kaɗan ne suka rage, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Aikin da mambobin ƙungiyar suka fi yi, wanda ba ya fitowa a hoton bikin baje koli, shi ne wannan: a ɗauki hotuna a je gidan tsohuwa, a durƙusa a gaishe ta, a ce "Inna, duba mana wannan na hagu, kin gane shi?" Ta kai hoton kusa da ido, ta yi shiru, wani lokaci ta yi dariya, wani lokaci ta share hawaye, sannan ta faɗi suna. A rubuta. A kai wa wani dattijo daban ya tabbatar, don ƙwaƙwalwa kan haɗa wa da ƙane. Haka ake yi, hoto bayan hoto. Ranar da Inna ta koma ga Mahaliccinta, duk hoton da ba a kai mata ba ya zama na baƙi har abada. Babu manhajar da za ta dawo da sunan, babu gwamnatin da za ta ware kuɗi ta saye shi.

Haka nan hirarrakin da aka naɗa a kaset shekarun baya. Zaren kaset ba ya daɗewa, yana saki, yana mannewa, kuma injinan da ke kunna shi suna ƙarewa. Ma'adanar sauti da fina-finai ta Ostireliya ta daɗe da gargaɗin cewa abin da ba a juya daga irin wannan zare ba kafin 2025 yana iya ɓacewa. Wa'adin ya riga ya cika, kaset ɗin kuma suna nan a kwali. Juya kaset na awa ɗaya awa ɗaya yake ci, ba a yi masa gaggawa. Rubuta abin da aka faɗa a ciki kuwa ya ninka haka sau da yawa. Wa zai zauna?

Wani ya ce mutane na fama da abin da za su ci, wa ke da lokacin tsofaffin takardu. Ɗan'uwa, kai da ka rubuta haka ka samu lokacin yin sharhi har sau nawa a kan maganar? Wanda yake fama da gaske ba mu tambaye shi ba, Allah ya buɗa masa. Kai muke tambaya. Wani kuma ya ce dattawan sun kankane komai ba sa ba matasa dama. Dama ta me? Babu albashi, babu alawus, babu kujerar da ake rabo. Abin da ke akwai tsintsiya ce da ƙura da rajista da fensir. Haka ne, suna da taurin kai, taronsu yana da tsawo, kuma akwai wanda in ya fara labarin yadda aka gina tsohuwar gada sai ka nemi hanyar gudu. Rufin ma da an matsa da an gyara tun bara. To sai me? Ka zo ka zauna a taron ka faɗa musu a fuska, sannan ka ɗauki tsani. Su ne suke zagayawa da 'yan makaranta su nuna musu tsofaffin gine-gine, su ne suke amsa wasiƙar wanda ke neman asalin kakansa, su ne suke bin iyalai suna roƙon kada a ƙone takardun mamaci ranar da ake share ɗakinsa. Ranar da jikanka zai zo neman hoton mahaifinka, wurinsu zai zo, in sun samu wanda ya gaje su. Ba na neman kowa ya yabe su. Ku zo kawai, ko awa biyu ne a wata.

Tun da maganar ta kawo mu nan, don Allah ku daina yi wa tsofaffin takardunku laminatin. Da ake fitar da kaya na ga takardun da iyalai suka kawo an riga an gasa su cikin leda, wai don a kare su, raina ya ɓaci fiye da yadda ruwan ya ɓata shi. Zafin injin da gam ɗin ledar suna shiga jikin takarda, kuma ba a iya cirewa ba tare da an yage ta ba. Haka salatif: bayan 'yan shekaru ledar ta faɗi, gam ɗin ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Haka biro a bayan hoto, yana huda shi, tawadar kuma ta ratso gaba. Fensir mai laushi ya isa, a rubuta a hankali a gefe: suna, wuri, shekara. Yankakkiyar jarida kuma kada a haɗa ta da hoto ko wasiƙa a ambulan ɗaya, domin takardar jarida tana da sinadarin da ke sa ta yin ja ta karye, kuma tana shafa wa abin da ke jikinta.

Af, wanda ke da rikoda mai cin kaset da har yanzu take aiki, ko da murfinta ya karye, ya yi mini magana. Tamu ta fara cinye zare.