Kai Ba Buhun Albasa Ba Ne

Ƙannena matasan ikkilisiya, maza da mata, salama a gare ku.

Lahadi huɗu ke nan wani yaro daga cikinku bai taka majami'a ba. Lafiyarsa ƙalau, bai kuma bar bangaskiya ba. Ya tafi bida, wato cin rani, a Aljeriya, aka kwaso su aka zube kusa da Assamaka a bakin iyaka, ya iso Tawa daga shi sai rigar da ke wuyansa. Da na aika a ji dalilin ɓuyansa, sai ya ce wa ɗan aiken: "Da wane ido zan kalli mutane?" Ba zan ambaci sunansa ba. Na dai san ba shi kaɗai ke kwana da wannan tambaya ba, shi ya sa nake magana da ku duka.

Ni ma na taɓa yin ta. A 2011, lokacin rikicin bayan zaɓe a Abijan, guminmu na shekara shida ya tafi cikin yini ɗaya, da tebur da kaya da ɗan abin da na ɓoye. Motarmu ta shigo Tawa da rana tsaka, amma na zauna a tasha har dare ya yi nisa kafin na kama hanyar unguwa, don kada wani ya ga ledar da ke hannuna ya gane ita ke nan.

Bida ba abin kunya ba ne a Adar. Ƙasarmu duwatsu, daminarmu gajeriya, tun kakanni ake fita cin rani a dawo. Abin da ya lalace shi ne ma'aunin da muka ɗora a kai. Wanda ya dawo da moto, ya yi wa tsohuwa ɗakin siminti da rufin kwano, shi ne ɗan albarka, shi ake fara miƙa wa shayi a fada, ko shirme ya faɗa sai a ce gaskiya ne. Wanda ya dawo hannu rabbana kuwa, ko sallamarsa a ciki ake amsawa. Haka ranar da ake kiran sunayen waɗanda suka ci jarrabawar BEPC ko BAC: wasu na guɗa, wani yaro na bin bayan katanga yana jin kamar an soke shi daga cikin mutane. Haka mai digiri daga Jami'ar Djibo Hamani da ya shekara uku yana yawo da takardu cikin ambulan. A hankali sai mutum ya karɓi hukuncin, ya fara faɗa wa kansa abin da ko maƙiyinsa bai faɗa ba: ni ba kowa ba ne.

Mu ƴan jihar Tawa mun san albasa. Lokacin da aka cire ta a Galmi, kasuwa ta cika, buhu sai ya faɗi har manomi ya rasa ko kuka zai yi. A zuba ta a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a yi haƙuri ƴan watanni, sai ka ji kuɗinta ya ninka. Albasar ba ta canja ba, bakin masu saye ne ya canja. Kuɗin ma da ake auna mu da su haka suke; ku tambayi iyayenku abin da ya faru a watan Janairun 1994, da aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin ƙarfinta, ba tare da an shawarci mai ita a aljihu ba. Wannan shi ake kira farashi, kuma kasuwa ke yanka shi. Kuskuren da muke yi shi ne mu ɗauki kanmu mu aza a kan wannan sikeli, kullum muna leƙen fuskar mutane mu ga yau nawa muka kai.

Littafi Mai Tsarki ya fara da wani lissafi daban. Farawa 1:27 ta ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da ta mace. Ku lura da lokacin. Adamu bai ja kunya ko ɗaya a gona ba, bai ci jarrabawa ba, bai kawo wa kowa tsaraba ba. A rana ta shida aka yi shi, washegari kuma ranar hutu ce. Ke nan an ba shi daraja kafin ya yi aikin komai, kuma abin da ba aikinka ne ya kawo maka shi ba, rashin aiki ba zai ƙwace maka shi ba.

Akwai wurin da nake so ƙwarai. A Matiyu 10:29 Yesu ya ce ana sayar da ƴan tsuntsaye biyu a kan kobo ɗaya. A Luka 12:6 kuma ya ce biyar a kan kobo biyu. Duk wanda ya taɓa aikan kasuwa zai ga abin nan take: kobo biyu tsuntsu huɗu ya kamata ya saya. Na biyar ɗin gyara ne. Shi ne wanda mai kaya ke jefa maka a kai don ka dawo gobe, wanda ba a ma sa shi cikin ciniki ba. Yesu ya ce ko ɗaya a cikinsu Allah bai manta da shi ba, har da na gyaran. Sa'an nan ya juyo ga almajiransa ya ce gashin kansu ma a ƙidaye yake, kada su ji tsoro, sun fi tsuntsaye masu yawa daraja. In kana jin kai ne gyara a gidanku, ɗan da ba a tunawa da shi sai an rasa ɗan aike, to ka tuna da Dawuda. Ranar da Sama'ila ya zo gidan Yesse, ƴaƴa bakwai aka jera masa, autan ko kiransa ba a yi ba, yana can bayan tumaki. Annabin ya ce ba za a zauna ba sai an kirawo shi.

In kuma sai ka ji maganar farashi hankalinka zai kwanta, to an riga an biya. 1 Bitrus 1:18-19 ta ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne. Romawa 5:8 ta ƙara da cewa tun muna masu zunubi ya mutu dominmu. Bai jira mun gyaru ba, balle mu yi arziki.

Ƙannena mata, naku ma'aunin ya fi zafi, na sani. Shekara 25 ba aure, sai a fara yi miki kallon kwantai. Hotunan Facebook da TikTok su ce miki fatarki ta yi duhu, ki kwashi kuɗin abinci ki sayi man shafe-shafe mai ƙona fuska. Wani ya zo da ƴar salula mai tsada, kin san halinsa ba na kirki ba ne, amma ki ce gara shi da babu. Ki karanta labarin Lai'atu a Farawa 29. Mijinta Yakubu ƙanwarta yake so. Ta haifi ɗa na fari ta ce yanzu mijina zai ƙaunace ni, ta haifi na uku tana cewa yanzu kam zai manne mini. Sai a na huɗu ta daina kallon ƙofar ɗakin Yakubu, ta ce wannan karo Ubangiji zan yaba, ta raɗa masa Yahuza. Daga zuriyar wannan yaro, ɗan matar da ba a so, Almasihu ya fito.

Kada wani ya juya mini magana. Ban ce ku riƙa tafiya kuna ɗaga hanci kuna cewa ni ɗan Sarki ne, ba ni ɗaukar kaya ba. Girman kai rawanin tsiya ne, Bulus ma ya gargaɗe mu a Romawa 12:3 kada kowa ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata. A ganina mai girman kai da mai raina kai ciwonsu ɗaya: dukansu idon mutane ne madubinsu, ɗaya ya samu tafi, ɗaya bai samu ba. Wanda ya san darajarsa a wurin Allah shi ne zai iya yin kabu-kabu da digirinsa a aljihu, ya yi ban ruwa a garka, ya koyi walda wurin yaron da ya girma, ransa bai ɓaci ba. Ubangijinmu masassaƙi ne a Nazarat. Bulus ɗinkin tanti yake yi ya ci abinci. Kuma sanin cewa siffar Allah ke jikinka ya wajabta maka ganinta a jikin almajirin da ke bara a ƙofarku, da maƙwabcinka Musulmi, da wanda ya taɓa yi maka gori saboda sunanka Bitrus ne. Yakubu 3:9 ta hana mu yabon Allah da harshen da muke zagin mutanen da aka yi cikin kamanninsa.

Mu manya kuma muna da namu laifin, gara in faɗa da bakina. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi maganar mai zoben zinariya da ake ba kujera mai kyau, a ce wa matalauci ya tsaya can ko ya zauna ƙasa. Ranar godiyar girbi muna kiran sunan wanda ya ba da jika hamsin a yi masa tafi, mai dala ashirin ya saka nasa a ɓoye kamar ya yi sata. Mun koya muku lissafin kasuwa a cikin ɗakin sujada, sa'an nan muna mamakin yaron da ya rasa abin baiko ya daina zuwa.

Daren nan na 2011, tun daga tasha nake shirya jawabin da zan yi, irin na ɗan nan na Luka 15 da ya ce bai isa a kira shi ɗa ba. Shi dukiyar ubansa ya watsar a shashanci, duk da haka uban ya sheƙa a guje ya rungume shi, aka kawo riga da zobe da takalmi. Ni ban ma ɓarnatar da komai ba, wahala kawai na sha, amma ina jin na fi shi rashin cancanta. Na ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Inna ta haska ni da tocila, ba ta ko dubi ledar ba. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta ce, "Kai ne? Ka ci abinci?" Ta tashi ƙanwata ta dama fura. Jawabin nan har yau ban yi shi ba.

Ranar Asabar da yamma zan je gidan su yaron nan. Ba wa'azi zan kai masa ba, shayi da sukari zan riƙa. Ina neman mutum biyu ko uku daga cikinku, musamman waɗanda suka yi makarantar Lahadi tare da shi, mu haɗu a ƙofar majami'a da ƙarfe biyar.