Godiyar dole da muke sa 'ya'yan talakawa a makaranta

Jama'a ku yi haƙuri yau rubutun zai ɗan yi tsawo, abun ya daɗe yana cina ne, tunda an yi hutu na samu zama bari kawai in amayar da shi.

Ni malamar firamare ce a nan Zariya, ta gwamnati, ba zan kama sunan makarantar ba, wanda ya sanni ya sani. Na daɗe da alli a hannu har na fara koyar da 'ya'yan waɗanda na koyar. Magana ta ita ce yaran da ke zaune gabanmu yanzu ba irin na da ba ne, amma mu malamai har gobe muna musu magana kamar su ne.

Sanda na fara aiki in ka buɗe rajista za ka ga ɗan masinjan Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), 'yar ma'aikacin reluwe daga Sabon Gari, ɗan tela, ɗan mai shago a Tudun Wada, har da 'ya'yan malamai, duk aji ɗaya benci ɗaya. Ba masu kuɗi ba ne amma dai ana ɗora tukunya a gidajensu. A hankali duk mai ɗan hali ya kwashe nashi ya kai makarantar kuɗi ko Islamiyya mai haɗe da boko, mu kanmu malaman in za mu faɗi tsakani da Allah mutum nawa ne ɗansa ke karatu inda yake koyarwa? Ni ma ban cire kaina ba. Waɗanda suka rage mana su ne waɗanda ba su da inda za su. Yarinyar da sai ta sayar da ƙosai ko awara kafin ta taho, ta iso ƙarfe 9 hijabinta na ƙaurin mai. Sannan ga baƙin da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari, wasu ma tun daga Katsina da Zamfara, sun raɓe wajen dangi ko cikin kango a bayan gari, ba takardar tsohuwar makaranta ba komai, yaro ɗan shekara 12 ko sunansa bai iya rubutawa, hedimasta ya dubi tsawonsa ya ce a kai shi aji 4 don kar ƙanana su raina shi.

Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma dole ne, toh amma dokar ba ta ɗinka yunifom ba ta dafa kunu. Da aka fara ciyar da yara a jihar nan farkon 2016 zamanin El-Rufai mun ga ikon Allah, aji ya cika har bakin taga wasu a ƙasa, ana gama rabon abinci sai ka nemi wasu ka rasa. Mutane suka yi ta surutu wai abinci ya kawo su ba karatu ba. Eh mana, abincin ya kawo su! Ai tun ranar ya kamata mu gane su wa muke koyarwa. A 2017 aka yi jarabawar nan da ta ci malamai sama da 21,000, an gwada ko mun iya aikin aji 4, ba laifi, amma yadda za ki koyar da yaron da aka kashe ubansa a gabansa wannan kam sai dai ki koya da kanki. Daga cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa ba sai na ba kowa labari ba, kowa ya san nawa mudun masara ya koma.

Yanzu ga inda na dosa. Duk dawowa daga hutun Sallah muna da al'ada ɗaya, a hau allo a rubuta "Yadda Na Yi Bikin Sallah" kowa ya yi insha'i, ko a tashe su ɗaya bayan ɗaya kowa ya faɗi abun da zai gode wa Allah da iyayensa a kai. Niyya mai kyau ce wallahi, ni ma na shekara da shekaru ina yi. Sai masu ɗan dama su fara, kala biyu aka ɗinka min, babanmu ya yanka rago, mun je yawon Sallah Samaru a Keke Napep. Wata Babbar Sallah ina zagayawa na tarar da wani yaro ya kifa kai a benci, takardarsa fara fat in ban da kwanan wata. Na buga bencin na ce kai ba ka yi Sallah ba ne? Aji ya kwashe da dariya. Bai ɗago ba. Sai da aka fita tara wani ɗan unguwarsu ya zo ya ce min a hankali, Malama ai babansu yana daji wajen ɓarayi tun kafin azumi, gonarsu ma an sayar ba a sako shi ba. Ranan ko ruwa ban iya sha a ofis ba. Ni da na zo koya masa godiya sai ga shi na tsayar da shi gaban 'yan uwansa ya lissafa abun da ba shi da shi.

Wanda ya fi ɓata min rai kuma shine na masu kawo tallafi gab da hutu. Ban ce duka ba, akwai bayin Allah da ke aiko da kwalin littafi ko dozin na takalma ko sunansu ba mu sani ba, Allah ya saka musu. Amma akwai masu zuwa da littafin rubutu mai fuskar maigidansu a bango, da mai ɗaukar hoto, a jera yara cikin rana a ce a zaɓo "marayu da marasa galihu" su fito gaba, har an taɓa ce min in kawo wanda rigarsa ta fi yagewa. Kowa ya ɗaga littafinsa sama, a ce ku ce mun gode, ba a ji ba ku ƙara, sau uku sai da bidiyon ya yi kyau. Da yamma ka gan su a Facebook. Yaron nan fa yana da hankali, ya san dalilin da yasa aka zaɓo shi aka bar na kusa da shi, kuma gobe a filin ƙwallo za a tuna masa. Addinin da muke tinƙaho da shi ya hana gori a kan sadaka, ya yabi wanda hagunsa ba ta san abun da damansa ta bayar ba, amma mu sai an ɗauka an ɗora.

Kar wani ya ce ina hana yara tarbiyya, yaba kyauta tukuici, na sani. Kawai yaran nan ba su buƙatar a koya musu godiya da bulala, sun fi mu iyawa. Ranar da za a ba da hutun nan wata yarinya 'yar aji na ta tsaya sai da kowa ya watse, ta zaro wani ɗan ƙulli a leda daga cikin hijabi ta ajiye a teburina, dafaffiyar gyaɗa ce, bai fi gwangwani ɗaya ba, ta ce Malama in ji Innarmu wai a ba ki barka da Sallah, wai ta gode na iya karanta sunan magani. Na san daga farantin tallar ta aka ɗebo, na san sai an cike kuɗin. Na buɗe baki zan ce ta mayar, wata tsohuwar malama da ke gefe ta harare ni ta ce karɓi ke dai, kar ki kunyata uwarta. Na karɓa hannu biyu na ce ki gaida Inna ki ce na gode ƙwarai. Da gudu ta fita tana tsalle. Abun da na tsaya ina tunani shine, uwar da ta haƙura da cinikin safe ta turo min 'yarta, ni na taɓa aika mata da godiya ko sau ɗaya? Sai dai in aika a kira ta in 'yar ta makara.

Ni dai na daina wancan insha'in. Yanzu in an dawo sai in tambaya wa ya je kallon hawa, tunda kallon doki ba a biya, ko ɗan wa kake za ka iya tsayawa a Ƙofar Doka ko bakin fada ka ga Sarki ya wuce. Nan za ka ga yaran ƙauyen nan da ba sa magana sun farka, su ne ma ke gyara wa 'yan birni sunan kayan doki, wannan linzami wannan likkafa.

In Allah ya kai mu komawa, duk mai tsohon yunifom ko takalmin da ya matse wa ɗansa, ya wanke ya sa a leda ya kai wa malamar firamaren unguwarsu, ta san wanda za ta ba bayan an tashi ba tare da kowa ya gani ba. Dan Allah a bar wayar a aljihu.