Taron talakawa da ƙarfe goma na safe?

Abin da ke ba ni haushi da kwamitocin fafutuka a ƙananan garuruwa shi ne lokacin taro. Za a fita zanga-zanga kan tsadar rayuwa, sai a sa zaman shiri ƙarfe goma na safe, ranar aiki. Wa zai zo? Mai albashi, da mai shagon da yara ke tsare masa. Lebura kuwa in ya bar aiki awa uku, kuɗin yinin ya tafi. Daga baya a ce wai talakawa ba su da kishi!

Gudummawa ma haka, a yanka wa kowa daidai, mai shi da marar shi.

Gyaran ba wuya. A mai da zaman bayan tashi daga aiki, kada ya wuce minti 45. Kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a karanta a zama na gaba. Buƙatu biyu sun isa, kowace da ofishin da za a kai ta da ranar jiran amsa. In kun jera ashirin, jami'i zai zaɓi mafi sauƙi ya amsa, sauran su kwana a durowa.