Ba Ni Ba Ne, Baffa, Kwamfuta Ce

Duk wanda Dogo ya gaya wa wai ya ci ni a wasan ƙwallon kwamfuta ranar Asabar, ya tambaye shi a minti na nawa aka tashi. Ina da biyu yana da ɗaya, saura minti shida, laftof ta mutu. Ko a kotun wa za a je, wannan ba ci ba ne.

Kun dai san laftof ɗin, baƙar nan ta hannu da na saya bara waccan. A ƙasar da ta fito aikin ofis take yi cikin sanyi, daga buga takarda sai lissafi, ƙaddara ta jefo ta Kano, ni kuma na ɗora mata wasan ƙwallon nan FIFA 18, ta zamanin da Ronaldo yake Madrid. Da hunturu lafiya lau muka zauna. Bazara na kamawa ta fito da halinta. Minti goma da fara wasa fankarta za ta ɗau kuka kamar injin markaɗe, iskar da ke fita ta gefen hagu kuwa, in ka ajiye ƙwai a wurin sai dai a nemo yaji. Daga nan 'yan wasa su koma tafiyar mai azumi da la'asar. Ka danna, Ronaldo ya tsaya ya yi shawara da zuciyarsa, sannan ya ɗaga ƙafa. Na sauke ta daga katifa, na ɗora ta kan murafun kwalba huɗu, na rage kyan hoton har 'yan kallon filin suka koma kamar da kwali aka yanka su. A banza.

Ranar Asabar ɗin zafi ya wuce digiri 40, fankar sama tana juyawa amma iskar tanda take hurowa. Na ɗauki autanmu aiki, ya riƙa yi mata fifita da maficin Hajiya, naira 200 duk wasa ɗaya.

Sai Injiniya ya yi gyaran murya.

Wannan bawan Allah, ban san wa ya raɗa masa sunan ba, amma iyakar aikin injiniyancin da na taɓa gani a hannunsa shi ne cizon batirin rimot. Bai taɓa riƙe hannun wasa a shagona ba. Zuwa yake ya kame kan kujerar da ta fi kowace lafiya, ya jawo kwalbar gyaɗata, yana ci yana koya wa mutane yadda ake buga fenariti. Cajata tana wurinsa tun azumin 2022, kullum in na yi magana sai ya ce ai tana nan a ajiye, kamar ajiya na ba shi. Shi ne ya taɓa cewa in sa wayata cikin buhun shinkafa, ba ta faɗa ruwa ba, ba komai, faɗuwa kawai ta yi a kan siminti. Kuma na sa. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai game da shi, yana magana da wata irin nutsuwa, har da lumshe ido, sai ka ji kunyar musa masa.

Ya ce, "Malam, maganin zafi sanyi. A kawo ruwan leda mai ƙanƙara guda uku."

Auta ya sheƙa ya kawo. A kan tebur ledojin suna ta sulɓewa, Injiniya ya ce in ɗora su a cinya, in aza laftof a kai, in matse. Na matse. Gaskiya ɗaya ce, na minti biyar na farko na ga kamar abin ya yi, har na zura wa Dogo ta biyu da Benzema. Ban san cewa auta ya ciji kusurwar leda ɗaya ya tsotsa a hanya ba. Ban kuma ji komai ba, don ƙanƙara ta riga ta kashe mini cinya.

Minti na 84 allo ya yi ɗif. Dogo ya miƙe yana ihun na gudu, ina rantse-rantse, sai ga sallamar Baffa daga soro, ana cewa in fito yanzu yanzu.

Ƙaramar riga ce a jikina, wandon kuma ruwan toka mai haske, irin wanda ko ɗigon shayi ba ya rufa wa asiri. Mutum huɗu ne a ɗakin nan, duk sun gani lokacin da na tashi. Babu wanda ya ce uffan. Injiniya ma gyaɗa ya ƙara watsawa a baki. Allah ya isa ban ce ba, amma ban yafe ba tukuna.

Na tarar da Baffa kan tabarma da wani dattijo mai farar babbar riga, wanda daga baya na gane kawun mutuniyar ne, an kawo shi ya ga yaron da ake ta ba shi labarin hankalinsa. Na tsuguna. "Baffa ina wuni, kun zo lafiya?" Shiru. Na gaida dattijon, ya amsa, amma ba fuskata yake kallo ba. A cikin shirun nan na ji wani sauti a kan siminti, ɗis. Can kuma, ɗis. Na sunkuya na duba. Jama'a, tun daga tsintsiyar wando har gwiwa, taswira ce sosai, kuma ba a gefe ba, ba a baya ba, daidai inda maƙiyinka zai zaɓa in an ba shi zaɓi.

Baffa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Ya ce, "To ai ba yau za a ɗaura ba, ɗana. Kwantar da hankalinka."

Na ce, "Wallahi Baffa ba ni ba ne, kwamfuta ce."

"Kwamfutar ce ta yi?"

"A'a, zafi take yi."

Dattijon ya gyara zama ya ce, "Subhanallahi. Tun yaushe take maka zafin? An je asibiti kuwa?"

Ina ƙoƙarin haɗa bayani, ga ƙanƙara, ga Madrid, ga minti na 84, kalmomin suka ƙi jeruwa, sai auta ya leƙo da mafici a hannu don ya taimake ni. "Baffa gaskiya ne, tun azahar nake masa fifita, ɗari biyu-biyu yake ba ni." Dattijon ya dubi carbinsa. Baffa ya ce in je in kintsa. Tashin ma wani aiki ne, don da baya na fita daga soron, hannu biyu a gaba kamar mai tsaron firikik, ina jiyo dariyar Dogo ta taga har da tari.

Ranar Litinin na kai ta wurin mai gyara. Yana kwance bayanta ya zaro wani curin ƙura daga bakin fankar, ya dunƙule kamar audugar katifa, ya ce hazon hunturu biyu ke nan na tara. Man nan mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ƙarfen da ke janye zafi ya bushe ƙayau kamar ƙanzo. Ya ce in zafin ya doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa Ronaldo ke tsayawa shawara, in abin ya ƙi sai ta kashe kanta. Ta ƙasa take shaƙar iska, ni kuma na toshe mata hanci da leda uku. Da na ba shi labarin ƙanƙarar ya ajiye sukuddireba ya ce sanyin nan raɓa yake tarawa, da ta taɓa allon ciki da yanzu wani zancen muke. Ya tambaye ni wa ya ba ni shawarar. Na ce wani injiniya. Ya ce na wane fanni. Ya hure ta, ya sa sabon mai, yanzu kukan ya ragu, sai dai ni ne ban da marmarin kunnawa.

Baffa ya ce an ɗan ɗaga zuwa gidan su mutuniyar sai bayan Sallah, wai ba don komai ba. Ita kuma jiya ta turo mini saƙo, kalma biyu, "Ya jiki?" Auta yana bi na 400, ya ce wasan da bai ƙare ba ma wasa ne. Injiniya ya zo da daddare ya ce kuskuren daga wurina ne, leda biyu ya kamata a sa.