Kurket ɗin gundumomin Ingila a 2020: rage wasan ne ya cece shi

Lokacin da Ingila ta karɓi baƙuncin West Indies a Southampton ranar 8 ga Yulin 2020, kowa killace 'yan wasa saboda korona yake yabawa: fili da otal a haraba ɗaya, gwaji a kai a kai, ba shiga ba fita. A ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Wancan tsari na ƙungiyoyi biyu ne masu kuɗin talabijin a bayansu. Gasar cikin gida kuwa gundumomi 18 ne, ga ECB, hukumar kurket ta Ingila da Wales, ta riga ta shaida wa majalisar dokokin Birtaniya cewa asararta na iya kai fam miliyan 380. Wa zai biya wa ƙungiyoyi 18 otal na wata biyu?

Sai aka yi daidai ruwa daidai tsaki. Kofin Bob Willis, wanda ya maye gurbin gasar gundumomi a shekarar, ya fara ranar 1 ga Agusta da rukuni uku na shiyya, shida shida, kowace ƙungiya wasa biyar da maƙwabtanta, don a rage doguwar tafiya da kwana a waje.

Inda aka fi yin hankali shi ne dokokin wasan, domin haɗarin farko ba ma korona ba ne. Mai jifa da gudu da ya yi wata huɗu a gida, in aka ɗora masa aikin kwana huɗu a jere, ƙashin bayansa ne ke tsagewa, kuma jinyar na cin watanni. Saboda haka oba, wato jerin jifa shida, aka rage ta daga 96 zuwa 90 a yini. Zagayen bugu na farko aka tsayar da shi a oba 120, kada wata ƙungiya ta yi yini biyu tana jifa. Tazarar da ke ba kyaftin damar tilasta wa abokan hamayya sake bugu nan take ta tashi daga maki 150 zuwa 200, don kada masu jifa su koma fili ba hutu. Sabuwar ƙwallo kuma sai bayan oba 90 maimakon 80, abin da ya tura ƙarin aiki ga masu murza ƙwallo, waɗanda jifansu bai cin jiki haka.

Hana shafa yawu, wanda hukumar duniya ta ICC ta kawo a watan Yuni, ya fi yin suna fiye da illarsa. Yawu ne ke sa gefe ɗaya na ƙwallo ya yi sheƙi ta riƙa karkata a iska, amma ba a hana shafa gumi ba.

Raunin tsarin shi ne ɗan wasa na kwana a gidansa. A watan Satumba an soke wasan Gloucestershire da Northamptonshire a Bristol tun ranar farko, saboda wani ɗan Northamptonshire da ma ba ya filin ya kamu, alhali ya yi cuɗanya da waɗanda ke ciki. Jordan Cox na Kent ya ci maki 238 ba a fitar da shi ba, ya tsaya ɗaukar hoto da magoya baya, aka killace shi, wasa na gaba sai a gida ya gan shi. A Yulin 2021 Kent ta nemo sabuwar tawaga dungurungum don karawa da Sussex bayan mutum ɗaya ya kamu. Ba yawan masu cutar ke rusa wasa ba, yawan waɗanda suka zauna kusa da su ne. Maganin kuwa mai arha ne: raba ɗakin sauya kaya, kowa ya zo a motarsa, tawagar ajiya ta yi atisaye daban.

Abin da ban yafe ba shi ne wasan ƙarshe tsakanin Essex da Somerset a filin Lord's da ke Landan. Kwana biyar, ruwan sama ya ci rabonsa, aka tashi canjaras, aka miƙa wa Essex kofi don ta fi maki a zagayen farko. Somerset, wadda ba ta taɓa cin gasar gundumomi ba, ta koma gida ba a doke ta ba kuma ba kofi.