Mai tambaya a lokacin yaƙi ba maƙiyin ƙasa ba ne

Ƙannena matasan Zazzau, assalamu alaikum.

Daren jiya a teburin mai shayi a Samaru na ga abin da ya tsaya mini a rai. Wani yaro ɗalibin jami'a ya ce shi dai yana so ya san inda kuɗin tsaro ke tafiya, tunda har yau mutanen ƙauyukan Giwa ba sa barci da ido biyu. Bai rufe baki ba aka yi masa caa. Wannan ya ce ɗan adawa ne, wancan ya ce irinsu ne ke ƙara wa 'yan bindiga ƙarfin gwiwa. Yaron ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya biya, ya tafi.

Don Allah ku daina wannan ɗabi'a. Amurka ta yi ta, kuma duniya ta ga inda ta kai ta. Kwana uku bayan harin 11 ga Satumba 2001, majalisar wakilai ta ba Shugaba Bush izinin amfani da ƙarfin soja, da ƙuri'a 420. Mutum ɗaya tak ya ƙi, wata mata mai suna Barbara Lee daga California, wadda ta ja kunne cewa izinin ba shi da iyaka. Ta sha zagi, an kira ta maciya amana, har barazanar kisa aka yi mata. A Maris 2003 aka afka wa Iraƙi da hujjar tana ɓoye makaman ƙare dangi. An birkice ƙasar, makaman ba a gan su ba. Colin Powell, wanda ya kai wannan hujja gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, daga baya da bakinsa ya amsa cewa abin ya zame masa tabo. Waɗanda aka toshe wa baki a lokacin su ne suka fi kusa da gaskiya.

Mu dawo gida. A Janairu 2017 jirgin yaƙinmu ya saki bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, jihar Borno. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri, nan Igabi, kuma hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum 85 aka binne. Wanda ya tambayi yadda aka yi haka, da wanda aka hukunta, wane laifi ya yi? Da ba a yi magana ba a kan dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ake zargin an karkatar, da batun bai kai kotu ba a 2015. Idan bera da sata, daddawa ma da wari, kuma shirunmu shi ne warin.

Sai dai akwai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da ku nake. Wasunmu sun cika Facebook da kuka a zamanin Jonathan, da Buhari ya hau sai bakinsu ya mutu, yau kuma sun farfaɗo. Wasu akasin haka suka yi. Jinin mutumin Birnin Gwari bai san jam'iyya ba. In sukarka tana canza riga duk bayan zaɓe, kada ka yi mamaki ranar da ka faɗi gaskiya aka ƙi saurarenka.

Kuma ku bambanta mai tsara manufa da yaron da aka tura daji. Kuna ganin kuratan Depot, wurin horar da sababbin sojoji a nan Zariya, kai a aske, 'ya'yan talakawa irinmu. Tambayar kuɗin makamai su take karewa kafin kowa, don haka zaginsu ba naku ba ne. Bidiyon da ba ka tantance ba kada ka tura shi, domin ƙarya ɗaya daga gare ka ta ishi mai mulki ya rufe gaskiya goma.

Idan Allah Ya kai wannan rubutu ga yaron nan, ina roƙonsa gafara, don ina zaune a wurin ban ce uffan ba. Ya dawo teburin gobe bayan Isha'i, zan zauna kusa da shi ya sake tambayar.