An ce lekol kyauta ce, to wannan rasit ɗin na mene ne?

Salamu alaikum jama'a. Yau sai kun yi haƙuri da ni don rubutun zai ɗan yi tsawo, maganar ta daɗe tana ci min rai, jiya kuma aka zo aka fama min mikin.

Bayan la'asar ina shago ina fama da wani ɗinki, sai ga maƙwabciyarmu ta shigo, dattijuwa ce mijinta ya rasu, ƙosai take soyawa a bakin hanya nan unguwarmu a Garwa, arewacin Kamaru. Ta kwance bakin zane ta fito da wata 'yar takarda an ninke ta huɗu, ta ce Malam don Allah duba min, an koro jikokina daga lekol wai sai an kai kuɗin APEE, wato ƙungiyar iyayen yara da malaman makarantar. Na buɗe, sefa dubu uku kowane yaro, su uku, dubu tara ke nan. Ta tsaya tana kallona ta ce "Malam, ba an ce kyauta ba ne?" Wallahi sai na hau gyaran zare a keke don na rasa ta cewa, abin kunyar ma ni da kaina na yi shekara huɗu ina ma'ajin APEE a makarantar yarana, irin takardar nan da hannuna na rubuta ta ba adadi.

Na ce mata Inna haka aka ce, kuma ba ƙarya ba ne an faɗa. A Fabrairun 2000 ne shugaba Paul Biya, cikin jawabin da ya saba yi wa matasa a jajibirin bikinsu, ya ce an soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati. An soke ɗin kuwa. Sai dai alli bai daina ƙarewa ba, benci bai daina karyewa ba, iska ba ta daina yaye kwano ba. Abin da aka kawo a madadin kuɗin shi ne wanda suke kira pake minimum, wato ɗan kayan aiki da za a ba kowace makaranta ta fara shekara da shi, alli, rajista, biro, takardun shirya darasi da 'yan magunguna, kuma tun wajen 2010 aka miƙa sayensa da rabonsa ga ofisoshin magajin gari tare da ginin azuzuwa da sayen bencina. A takarda abin gwanin kyau.

Bari in faɗa muku yadda na gan shi da idona. Lekol ana komawa farkon Satumba. Wata shekara kwalinmu bai iso ba sai da aka fara sanyin hunturu, darakta ya aiko a kira ni in zama shaida, aka buɗe a gabanmu mu huɗu. Alli 'yan fakiti, rabinsa ya sha danshi ya zama gari, in ka rubuta a allo ba ya fita sai ƙara, ƙwallo ɗaya, bokiti ɗaya, rajista, da maganin ciwon kai. Darakta ya dube ni ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo ya ce ma'aji ka gani ko. To wata biyu da rabi da aka yi kafin kwalin ya zo da me aka yi karatu? Da kuɗin irin su Inna mai ƙosai.

Kuma alli ƙaramin abu ne a kan maganar malamai. Makarantar tamu aji shida ne daga SIL, ajin farko, zuwa CM2, ajin ƙarshe, amma malaman da gwamnati ke biya har da darakta uku ne, sauran ukun malaman iyaye ne, mu muke biyansu daga aljihunmu. Yara ne da suka gama ENIEG, makarantar horar da malamai, suna riƙe da takardarsu ta koyarwa suna jiran ranar da za a ɗauke su aiki, wani shekara biyar yana jira wani bakwai. Abin da muke ba su a wata ko in faɗa kunya nake ji, ba ya sayen buhun masara, kuma daga watan Maris in asusu ya bushe sai mu fara ɓuya. Akwai wanda ya zo har ƙofar gidana da daddare matarsa na naƙuda, na shiga ɗaki na ɗauko kuɗin ɗinkin mutane na ba shi. Shi ne kuma yake riƙe da SIL, yara sun haura ɗari a ɗaki ɗaya, na gaba a kan tabarma na baya a benci mutum biyar biyar, ga zafin Garwa na watan Afrilu da kwano ke yi kamar tanda, ka ce mutumin nan ya koya wa ɗan Bahaushe ko ɗan Bafulatani Faransanci daga a har z alhali yaron bai taɓa jin yaren ba sai ran da ya shigo ajin. Shi ya sa za ka ga yaro ya kai CE2, aji huɗu ke nan, yana rera abin da ke kan allo kamar waƙa, ka rufe allon ka ba shi takarda ya karanta, shiru.

Su ma malaman gwamnatin ba a inuwa suke ba, kar wani ya ce na ɗora musu. Kowa ya tuna 2022 lokacin yajin aikin OTS, da malaman sakandare suka ajiye alli a faɗin ƙasa saboda albashi da haƙƙoƙinsu da suka maƙale a Yawunde, kuma abin da ya fi girgiza mutane daga nan arewa ya fito, malamin wasanni a Beka can Faro da ya yi kusan shekara goma yana koyarwa ba albashi, ya rasu ana tsakiyar yajin aikin. Allah ya jiƙansa. To in wanda ke da sunan ma'aikacin gwamnati haka ta same shi ina ga malamin iyaye. Sannan ga waɗanda ake turowa daga kudu, wasu kam tsakani da Allah suna zama su yi aiki har su iya Fulatanci, wasu kuwa suna karɓar takardar kama aiki sai neman hanyar komawa, sunansu na nan a lissafin makarantar su kuma suna can. An ce mana Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa da Gabas yankunan fifiko ne a fannin ilimi, ZEP suke cewa. Ni dai fifikon da na gani shi ne mun fi kowa yawan yara a aji.

Kar in zama butulu, akwai abin da aka yi. Shirin PAREC da Bankin Duniya ke tallafawa ya raba littattafai kyauta a firamaren gwamnati, na ga ƙaramin ɗana ya riƙe littafin karatu wanda ba ni na saya ba, an kuma ɗauki wasu malaman. Sai dai yaran da muke haifa sun fi azuzuwan da ake ginawa gudu, ga na Arewa Mai Nisa da masifa ta haɗe musu biyu, tun 2014 Boko Haram ta sa aka rufe makarantu a wajajen Kolofata da Amchide da Fotokol yaran suka kwararo Mora da Mokolo da Kusiri, sai kuma ruwan 2024 da ya cinye Yagwa da kewaye daidai lokacin komawa lekol.

Amma duk wannan ba shi ya fi ƙona min rai ba. Maganar takardar haihuwa ce.

Yaro zai shiga SIL ba takarda, darakta ya tausaya ya karɓe shi, ya yi shekara shida yana zuwa, iyaye na biyan APEE na sayen littafin rubutu da yunifom, sai ya kai CM2 za a haɗa takardun jarrabawar CEP ta gama firamare da ta shiga sakandare, a ce kawo akt, wato takardar haihuwar. Babu. Doka ta ba da kwana 90 a kai rahoton haihuwa a yi takardar, in lokaci ya ƙure sosai sai dai kotu, ka je wurin likita ya ƙiyasta shekarun yaro, ka je ofishin magajin gari su ba da shaidar cewa ba a taɓa yi masa ba, ka nemo shaidu, ka sayi tambura, ka jira ranar zama, kuma in kana ƙauye kowane zuwa kuɗin mashin ne da asarar yinin gona. Talaka zai fara ya gaji a tsakiya.

Akwai wata yarinya 'yar wani abokina mai gyaran keke, ita ce ta ɗaya a ajinsu tun CE1, aji uku, in tana karanta Faransanci sai ka rantse a rediyo ne. Aka zo CM2 ba akt, a gida aka haife ta. Ubanta ya yi ta zirga-zirga har aka rufe karɓar takardu. Ranar CEP na gan ta a bakin titi da farantin gyaɗa a ka, ƙawayenta na wucewa da yunifom, ta juya musu baya kamar tana gyara gammo. Na ce 'yata yaya, ta ce lafiya lau Baba, ba ta ɗago ba. Bayan shekara biyu aka kawo min goron ɗaurin aurenta. Nan ne nake cewa masu maganar kare yara a taron otal su sauko su gani, don yarinyar nan ba wanda ya yi niyyar cire ta daga karatu, ƙofa ce aka rufe, gida kuma suka ce to zaman me take yi. Dokar hukunta laifuka ta 2016 ta hana aurar da wanda bai kai 18 ba, har ta sa tarar sefa dubu 50 zuwa dubu 500 a kan uban da yake da hali ya ƙi sa ɗansa a makaranta. Madalla. To wanda ya sa ɗan nasa, takarda ta koro shi, wa za a ci tara? Na san akan yi zaman kotu na tafi-da-gidanka a raba takardun ga 'yan CM2, kuma Allah ya saka wa masu yi, amma me ya sa sai an kai CM2, me zai hana tun ranar da yaro ya shiga SIL darakta ya rubuta sunayen marasa takarda a miƙa, ga shekara biyar a gaba.

Sauran maganar tsaron yara ma haka take. Dokar ilimi ta 1998 ta hana dukan ɗalibi, amma je ka leƙa, bulalar roba na kan tebur, ko da yake mutum ɗaya da yara ɗari ban san me ake so ya yi ba, ba kare shi nake ba. Makarantu da yawa ba katanga, mashina na ratsa fili ana tsakiyar tara, awaki a baranda, kowa ya ga dama ya shigo. Masai kuwa in akwai shi ba ƙofa ba ruwa, yarinya da ta fara girma ba za ta faɗa maka ba, kawai za ka ga duk wata tana fashin kwana uku huɗu, daga nan ta daina zuwa gaba ɗaya mu ce ba ta son boko.

Mu ma fa da namu, gaskiya ɗaya ce. Mutum zai yi haihuwa ya sayi rago na dubu tamanin, a yi shinkafa a kira maroƙa, amma ya kasa taka ƙafa cikin wata uku ya yi wa jaririn takarda. Limamanmu da masu unguwanni da ke raɗa suna, da za su riƙa tambaya a wurin ko an yi akt, da rabin matsalar nan ta kau. Sannan taron APEE, a shekara huɗun da na yi, makaranta mai yara ɗaruruwa iyaye ashirin ne ke zuwa su zauna ƙarƙashin darbejiya, su ma rabi sun zo ne don a rage kuɗi, ba wanda ya taɓa cewa ma'aji buɗe littafi mu gani. Da na so ci da na ci, kuma na san inda ake ci, a rubuta an gyara benci ashirin alhali biyar aka buga wa ƙusa.

Ni ban ce a daina biyan APEE ba, in aka daina yau gobe aji uku za su wayi gari ba malami. Abin da nake cewa tunda mu ne muke ɗauke da makarantar, to a daina yi mana kallon masu karɓar sadaka, mu ma mu daina sunkuyar da kai. A liƙa lissafin kuɗin a jikin bango kowa ya gani. A faɗa mana ranar da pake minimum ya iso da abin da ke ciki. Kansilan da ya zo neman ƙuri'a da atamfa da sabulu a tambaye shi aji nawa aka sa wa unguwarmu a kasafin bana. Kuma a daina koro yaro saboda APEE, bashin na uba ne, a kira uban, kuɗin ƙungiyar iyaye ne ba kuɗin shiga aji ba, marayu kuma a yafe musu a rubuta a littafi an yafe.

Inna dai na ce ta bar min takardar. Da safen nan na rufe shago na je na samu darakta, muka yi magana ta fahimta, ya ce yaran su dawo gobe, za ta riƙa kawo ɗari biyar biyar in ta samu. Da zan fito na tambaye shi su ukun suna da akt kuwa, ya jawo rajista ya bi da yatsa, ya ce babban ne kawai. Ta tsakiyar tana CM1, aji biyar.